Abin Kunnen da Na Kai wa Surukata Goronyo

Tun da na dawo aiki ranar Litinin ban samu na gyara labaran rana cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo ɗakin labarai sai ya tsaya a kaina: "Binta, yaya Sakkwato? Tsohuwar ta yarda?" Na ba da labarin sau biyar, kowane karo ina mance wani abu. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba: maigidana Umaru mutumin Goronyo ne, ni kuwa Bazazzagiya ce. Kafin azumi mota ta buge shi a kan babur a nan Kaduna, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. An yi aiki, an sa ƙarfe, yanzu yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida. Likita ya hana shi doguwar tafiya, don haka bana bai je gida Sallah ba, karo na farko tun aurenmu.

Wani direban albasa ne ya jawo damuwar, kuma ba da mugun nufi ba. Ya zo duba shi a asibiti lokacin ƙafar tana rataye, ya koma Goronyo ya ce, "Ƙafar kam sai haƙuri." Kafin maganar ta zagaya unguwa ta isa kunnen Inna, mahaifiyar Umaru, ta zama an yanke ƙafa. Ƙannensa sun rantse mata ba haka ba ne. Ta ce to, amma ta rage cin abinci har ta rame. Da Sallah ta zo bai zo ba, sai ta ɗauki hakan a matsayin shaida.

Za ku ce a kira ta a waya mana. Nan ne wahalar take, domin Umaru ɗan fari ne. Mu ma a Zariya muna da kunyar ɗan fari, amma tamu ta yi laushi. Mahaifiyata ba ta kiran sunan yayana, sai dai suna hira har da dariya. Ta Inna tana nan yadda ta gada. Ba ta faɗin sunansa, "mutumen Kaduna" take cewa. In ya durƙusa gaishe ta, tana amsawa ne tana kallon wani wuri. In aka kira shi aka buɗe muryar waya a tsakar gida, sai ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki. An kai mata hotonsa a tsaye, ta kawar da kai, ta ce hayaƙin bandar kifi ya riga ya cinye mata ido.

Dabarar ta Umaru ce. Ya aika aka sayo iyafis, irin marar igiyar nan, ƙwaya biyu farare a cikin ɗan akwati da bai fi ƙwan kaza ba. Ya ce in ta sa ƙarƙashin hijabi ba wanda zai san tana sauraro. Ya ɗauki muryarsa, ya tura saƙon zuwa lambar wayarta. Saura mai kaiwa. Ni na shekara goma sha huɗu ina rataya hedifon mai igiya a gaban makirfo, amma irin wannan ban taɓa ko buɗe shi ba. Shi ma haka. Muka ce ai abu ne mai sauƙi.

Na kwana Sakkwato wurin wata tsohuwar abokiyar aiki, da safe na hau motar Wurno. A tashar aka fara yi mini gyaran Hausa. Na tambayi yaron mota, wani dattijo mai furfura da har yanzu ake kira yaron mota, ko akwai sauran wuri.

"Mi kic ce, Hajiya?"

Na maimaita a hankali, da irin muryar da nake karanta labarai.

"Awo, akwai. Amma ke rediyo kika hwaɗi, ba magana ba. Shiga gaba."

Muka wuce Achida da Dinawa, rana tana ƙara zafi, hanya cike da motocin albasa. A wani shinge aka tsayar da mu, jami'in ya leƙo, ya duba fuskoki, ya ce a buɗe jakunkuna. Da ya ga ɗan akwatin ya ɗaga shi ya ce irinsa ne da shi, ƙwaya ɗaya ta faɗa masa a rijiya, yanzu da kunne ɗaya yake ji. Ya ce in kula da na hagu, shi ya fi zamewa. Na yi godiya. Wannan ce shawara ta farko da na samu a kan na'urar, kuma ta fi takardar da ke cikin kwalin amfani.

A Wurno na sauka gidan A'i, ƙanwar Umaru. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kai ni, kamar yadda aka saba tsakanin matar wa da ƙannen miji. Tana ganina ta riƙe ƙugu.

"Matar Yaya! Kin karya muna shi, kin baro shi, kin taho yawo?"

"Ku kuka ba ni shi da ƙashi kamar kara."

"Hura ce babu Kaduna. Kina ba shi shayi da burodi kina cewa abinci."

Gidan duka warin tafarnuwa yake, domin mijinta nomanta yake yi, an baza ta a zaure da tsakar gida har bakin ɗaki. Aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, aka ajiye, kowa ya fita aka bar ni ni kaɗai. Na daɗe da sanin al'adar, amma har yau tana ba ni mamaki. A gidanmu mai gida zama yake yi a kan baƙo yana cewa ƙara, ƙara, har ka rasa yadda za ka haɗiye. Su kuwa sun ce kallon mai ci rashin ladabi ne. Na ci sosai, don ba mai ƙirgawa.

Bayan la'asar muka zauna gwajin iyafis. Wayata ta mutu a hanya, ga shi ba wuta, don haka da ta A'i muka gwada. Takardar bayanin ƙanana ne rubutunta, na karanta a bakin ƙofa ina fassara mata: a buɗe murfi, a danna maɓallin baya a riƙe har ɗan haske ya fara ƙyaftawa, a shiga saitin waya a kunna bulutut, a jira sunan na'urar ya fito, a taɓa shi. Muka bi ɗaya bayan ɗaya. Haske bai ƙyafta ba. Muka rufe muka buɗe. A'i ta hura masa iska, ta goga shi a zaninta, ta ce an sayar wa Yaya na bogi. Mun fi rabin sa'a a haka. Sai mijinta ya shigo ɗaukar buhu, ya tsaya ya karɓa, ya juya ƙwayar da yatsunsa masu kaushin aiki, ya sa farce ya ɓare wata 'yar leda shuɗiya da ke manne a gindin kowace ɗaya.

"Ko tahwarnuwa sai an ɓare," ya ce, ya ɗauki buhunsa ya fita.

Muka mayar da su akwati, haske ya kama. Sunan ya fito a wayar, wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana. A'i ta taɓa. Ina da ɗaya a kunne, tana da ɗaya, sai wata muryar mace ta faɗi kalma guda da Turanci a tsakiyar kaina. A'i ta zabura ta ce, "Wa tac ce?" Na ce cewa ta yi an haɗu. Ta kunna wani karatu. Na san sauti, aikina ne, amma ban taɓa jin murya ta zauna kusa haka ba tare da wani abu ya danne mini kai ko igiya ta ja ni ba. Na tashi na je har bakin randa, karatun ya biyo ni. Na fita zaure, ya fara yankewa. Na dawo, ya dawo. A'i ta ce tana ganin Inna ba za ta iya da shi ba, gara a bar mata.

Ba a tafiyar yamma a waɗannan hanyoyi yanzu, kowa ya san dalili, don haka muka kwana. Da safe aka sayo masa mai zafi, na ce waina, aka yi mini dariya. Daga nan muka nufi Rabah, ni da A'i, domin wayar Inna tana can hannun Bello, autansu, malamin firamare. Umaru ya saya mata babbar waya shekara biyu da suka wuce, ta naɗe ta a ƙyalle ta sa cikin kwalla, ta ce kada ta yi datti. Bello ya ɗauke ta da sunan zai riƙa yi mata caji, cajin bai ƙare ba har yau.

A kabu-kabu muka je, abin da mu muke kira acaɓa, ta hanyar gonaki. Mai ɗauke da ni bai yi shiru ba tun daga Wurno. Ya gaya mini wanda ya yi asarar albasa bana da wanda ya tsira, ya nuna mini inda ruwa ya ci bara. A wani yashi babur ya nutse, ya ce in sauka in taka. Na taka, takalmina ɗaya ya tsinke. Ya ciro zaren buhu daga aljihu ya ɗaure mini shi, ɗaurin da har Kaduna bai kwance ba.

Bello ya tarbe mu a ƙofar gida da alli a hannun riga.

"Matata ta iso! Ai na ce in tsoho ya gaza ki taho, ga ɗaki."

"Ka fara mayar wa uwarka wayarta tukuna."

"Ajiya nika yi mata. Ki tambayi kowa."

Ajiyar ta cika da hotunan 'yan ƙwallo da jarrabawar 'yan aji biyar. Yayin da yake sharewa, A'i ta ɗauki wayarta ta tafi gaida wata ƙawarta a bayan kasuwa. Wannan tafiyar tata ita ta sa ban koyi darasin da ya kamata in koya a ranar ba. Ni da Bello muka danna maɓalli, haske ya ƙyafta, sunan ya fito a wayar Inna, muka taɓa, baturiyar ta yi maganarta. Saƙon Umaru yana nan ya iso. Na saurari farkonsa kawai don in tabbatar da sautin, na ji ya ce, "Inna, ni na," na tsayar. Ba nawa ba ne.

Matar Bello ta dama mana fura da nono mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki. A can ita ce abincin rana, ba abin sha ba. Bello ya rako mu har bakin hanya, a nan ya daina wasa. Ya ce rabon da ya ga Inna ta gama kwanon tuwo tun kafin Sallah. Ya ce, "Ba ta cewa komi. In anka yi maganatai sai ta tashi. Amma na ishe ta ta ɗauko takalman da yab bari gida tana kallo."

Muka komo ta Marnona muka jira motar Goronyo. A motar A'i ta ce in ara mata iyafis ta ji saƙonnin 'yan uwanta na biki, kada ta dami mutane. Na ba ta. Ta sha hirarta har muka fara hango korayen fadamun da ruwan dam yake ciyarwa, ta mayar akwati ta miƙo mini.

Mun isa bayan azahar. Na ga Inna, na gane Bello bai ƙara gishiri ba. Doguwar mace ce, kuma ramar ta sa ta ƙara tsawo. Na durƙusa, muka yi gaisuwar nan tasu mai tsawo, ta tambayi hanya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi mutanen Zariya, ta tambayi aiki. A ƙarshe, tana gyara bakin tabarma, ta ce, "Ƙaƙa masu jiki?" Na ce da sauƙi ƙwarai, yana takawa. Ta ce, "Madalla," da irin muryar da ake amsa wa mai ƙarya don kada a kunyata shi.

Kafin la'asar tsakar gida ta cika da mata 'yan sannu da zuwa. Ni na so a jira a watse. A'i ta ce a'a, in aka ga mun ja Inna ɗaki mun rufe ƙofa kowa zai san dalili, kuma ba za ta shiga ba. A cikin mutane ne abin zai ɓace. Na ga tana da gaskiya. Na matsa kusa da Inna kamar zan nuna mata tsaraba, na buɗe akwatin a cikin tafin hannuna, na yi mata bayani ƙasa-ƙasa. Ta daɗe tana kallon ƙwayoyin.

"Ba mai ji?"

"Ba mai ji, Inna. Ke kaɗai."

"Ko wagga da ka kusa da ni?"

"Ko ita."

Ta ɗan ɗaga gefen hijabinta. Ban taɓa taɓa jikin surukata ba sai ranar. Na sa mata na dama, na sa na hagu, ta saki hijabin, ta ɗauki carbinta kamar ba abin da ya faru. Na koma gefe da wayarta a cinyata, na danna saƙon.

A wurin aiki ba na buɗe makirfo sai na duba layin da nake kai. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci. A ranar ban duba ba. Na'urar tana komawa ne ga wayar da ta yi aiki da ita a ƙarshe, kuma wannan wayar tana cikin jakar A'i, taku uku daga inda muke. Muryar Umaru ta fito daga wayar da ke cinyata, da ƙarfin da Bello ya saba kallon ƙwallo.

"Inna, ni na."

Kowa a tsakar gida ya ji. Inna kuwa kunnuwanta a toshe suke, ta ji muryar can ƙasa-ƙasa, ta ɗauka haka abin yake, ita kaɗai ke ji. Na ga fuskarta ta saki. Carbin ya tsaya. Ya sake cewa, "Inna," sai ta ce, "Na'am," a fili, a gaban mata fiye da goma.

Yatsana ya sami wurin tsayarwa a lokacin da ba ya da sauran amfani. Wata tsohuwa, ƙawarta, ta yi dariya ta ce, "Yau mun ji, Hajo ta amsa!" Ba da mugunta ta faɗa ba, wasu ma idonsu ya kawo ruwa. Inna ta duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ta sa hannu cikin hijabi ta ciro ƙwayoyin, ta ajiye su a kan tabarma a jere, ta tashi ta bi ta bayan ɗaki. Ba ta kalle ni ba.

Ranar ba ta sake fitowa cikin mutane ba, tuwon da aka kai mata ya dawo yadda aka kai shi. Umaru ya kira ni a wayata da na samu na yi wa caji, na ce masa gobe. A'i ta yi ta cewa laifinta ne. Na ce ba ita ta ce wa tsohuwa "ba mai ji" ba. Kafin magariba na zauna da wayoyin uku a gabana. Na sa A'i ta shiga saitin tata ta goge sunan na'urar gaba ɗaya. Na kashe bulutut ɗin tawa ko da yake ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Na sake haɗa ta da ta Inna daga farko, na rufe, na buɗe, na rufe, na buɗe, sau shida, kowane karo ina duba 'yar alamar da ke fitowa a saman waya. Na gyara na'ura. Yadda zan gyara maganata ne ban sani ba.

Da hantsi na same ta a wurin banda, bayan gida, inda ba mai zuwa saboda hayaƙi. Masunta sun kawo tarwaɗa tun da safe, tana lanƙwasa su tana jerawa a kan raga. Na gaishe ta, ta amsa. Na tsuguna na fara miƙa mata kifin. Muka jera kusan kwando guda.

Na ce, "Inna, na ce miki ba mai ji, aka ji. Kuskurena ne, ban duba ba. Ki yafe mini."

Ta juya wani kifi. "Ku 'yan rediyo ai aikinku na a ji."

Ban san ko faɗa ne ko wasa ba. Na ajiye akwatin da wayar a kan wani dutse kusa da ita, na ce na gyara, kuma tana iya gwada ni: in sa a kunnena in kunna, in ta ji ko ɗis, in tattara in koma Kaduna. Ta ce in yi. Na sa, na kunna karatu, na ƙure murya. Ta matso da kunnenta kusa da wayar, ta saurara, ta matso kusa da kaina, ta saurara. Ba abin da ke tashi sai ƙarar itace a wuta.

Ta goge hannunta a zani, ta ɗauki ƙwaya ɗaya da kanta. Ɗayar ta tura mini.

"Bar wanga ga kunnenki. In wani ya taho, da ke nika magana."

Haka muka saurari saƙon tare, tana tsaye gaban banda ta ba ni baya. Minti uku ne. Ya gaishe ta, ya gaya mata yadda abin ya faru, ya ce ƙafa tana nan, ya ce an gaya masa ba ta cin abinci kuma wannan ya fi karayar yi masa ciwo. Da ya ƙare ba ta juyo ba.

"Baki na," ta ce. "Baki shina iya hwaɗin komi don hankalin tsohuwa shi kwanta."

A daidai nan wayar ta yi ƙara a kunnuwanmu. Umaru ne, haƙurinsa ya ƙare. Inna ta kai hannu za ta cire abin, yatsanta ya taɓa bayansa, kuma taɓawar nan ita ce amsa kira. Ni ma ban san haka ba sai a lokacin.

"Salamu alaikum? Binta? Wa ke nan?"

Hannunta ya tsaya a kunne. Na buɗe baki zan amsa, ta ɗaga mini yatsa. Sannan ta juyo ta dube ni sosai, ni, kamar ba kowa a duniya sai ni.

"Ke Bazazzagiya. Ki hwaɗa ma mutumen Kaduna an gaishe shi."

Na ji numfashinsa ya canja. Ya gane. Ya ce, "Binta, ki ce mata ina amsawa. Ki ce mata ina kwana."

Ban isar da saƙon ba, ta riga ta ji da kunnenta.

"Ki ce mashi ba ni son dogon zance. In ƙahwa tana nan, shi taka ƙasa in ji."

Sai motsin kujera. Na san ɗakin, na san simintinsa, na san zai sunkuya da ƙyar ya ajiye wayar a ƙasa. Muka ji ƙwas ɗin sanda. Bayanta taku mai nauyi, na ƙafar hagu, mai lafiya. Sai ɗan jinkiri, sannan wani taku mai sauƙi, silifa tana ɗan jan ƙasa kafin ta sauka. Sanda, nauyi, sauƙi. Ya yi nisa har sautin ya ragu, ya juyo, ya dawo. Inna ta rufe ido, leɓenta yana motsi.

"Ki ce shi aje sandar."

Na ce, "Inna, likita ya..."

"Taki biyu kaɗai."

Muka ji sanda ta jingina da bango. Taku ɗaya. Na biyu ya sauka, a hankali, amma ya sauka, silifa a kan siminti, ba itace ba, ba ƙarfe ba.

Inna ta buɗe ido. Hayaƙi ne ko ba hayaƙi ba, ta goge su da bakin hijabi.

"Biyu na," ta ce. "Ki ce shi zamna haka nan, kar shi hwaɗi. Ki ce Allah shi ƙara sauƙi, shi yi mashi albarka."

"Amin, Inna," in ji Umaru, ya manta da ni. Ba ta gyara masa ba. Ta bar shi ya faɗa har sau uku, sannan ta cire ƙwayar ta riƙe a hannu.

Ta duba ragar, ta zaɓi tarwaɗa mafi girma da ta riga ta gasu, ta ɓare ta biyu, ta zauna a kan dutsen. Ta miƙo mini ɓari ɗaya.

"Kira min A'i," ta ce. "Ki ce ta kawo tuwon jiya in ba a ba awaki ba. Da yaji."